Ranar da Inna ta bar ɗakinta na shekara 52

An kawo mahaifiyata gidanmu na cikin birnin Kano tana amarya a shekarar da motoci suka koma bin hannun dama. Haka take lissafinta, sai da muka yi boko muka gaya mata cewa 1972 ke nan. Da fam da sule aka biya sadakinta, naira ba ta fito ba sai da shekara ta zagayo. Ni ne ɗanta na fari, saboda haka tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Ina yaro "kai" ne, ko "wannan yaron". Da ƙanne suka biyo baya sai na koma "Yayansu", kuma da shi take kirana har yau da furfura ta cika min gemu.

Gidan yana bayan Kasuwar Kurmi ne, ta gangaren Jakara, a cikin irin lungun nan da idan mai kurar ruwa ya shigo sai kowa ya manne da bango. Kakanmu ne ya gina shi da ƙasa da azara. Soraye biyu ne kafin ka faɗa tsakar gida, ɗakuna bakwai, rijiya a tsakiya. Duk shekara kafin ruwa ya sauka Baba yakan kirawo magina a yi yaɓe, a gyara indararo, mu yara mu tuɓe riga mu shiga kwaɓin ƙasa. Idan muka hau saman soro muna hango Dutsen Dala sosai. Baba yana da rumfar kayan doki a Kurmi, sirdi da linzami da likkafa, don haka idan sallah ta gabato zaurenmu ba ya rabo da ƙamshin fata.

Mu goma ne a wurinsa, maza huɗu mata shida. Biyar na Inna, biyar na abokiyar zamanta, wadda Allah Ya yi wa rasuwa tun autanta yana rarrafe. Inna ce ta goya shi.

Dole in tsaya a kan ɗakin Inna, don wanda bai san ɗakin ba ba zai gane abin da na raba ta da shi ba. Gadon ƙarfe ne mai rumfa a gefe ɗaya, ɗaya gefen kuma jere ne tun daga ƙasa har kusa da rufi: tasoshi, kwalla, langa, kumbo, samira, kowanne da bikin da ya kawo shi. Sana'arta alkaki da dubulan da nakiya, kusan duk garar da aka kai daga lungunmu hannunta na ciki. Ita ce uwar adashin matan unguwa. Wadda ta samu ɗan kuɗi ba ta so mijinta ya sani, wurin Inna take kai ajiya. Wadda ta yi yaji, ɗakin Inna take fara sauka a ba ta baki. Daga hantsi zuwa isha'i labulen ƙofarta ba ya hutawa. Mace ce da ba ta cika fita ba, amma unguwar gaba ɗaya tana zuwa ta same ta a zaune.

Baba ya rasu a watan Afrilun 2020, ana cikin kullen korona, a 'yan kwanakin nan da dattawan Kano suka yi ta tafiya ɗaya bayan ɗaya. A maƙabartar Dandolo da ke Goron Dutse muka kai shi. Inna ta yi takabarta wata huɗu da kwana goma a ɗakinta. Bayan an share makoki aka raba abin da ke rumfa, aka biya ɗan bashin da ake binsa, amma gida babu wanda ya iya buɗe baki a kansa. Muka ce a bar shi tun da Inna na ciki. A lokacin mun ɗauka mun yi abin kirki. Abin da ba mu yi ba shi ne mu zauna mu ajiye magana: wa zai riƙa yaɓe, wa zai biya, har zuwa yaushe. Gidan mutum goma ya zama gidan da babu mai shi. Damina biyu ta wuce ba a taɓa bangon ba. Maginan da Baba ya sani wasu sun mutu, wasu sun tsufa, 'ya'yansu kuma bulo da siminti suka koya. A daminar 2022, wadda ta yi ɓarna a wurare da yawa, bangon bayan gida ya tsage har kana hango hasken waje.

Ni ina zaune a Rijiyar Zaki da iyalina, ina koyarwa a wata makarantar sakandare. Duk Juma'a nakan je in gaishe ta, in ajiye abin da ya sauwaƙa. Nakan ce mata, "Inna, ki dawo wurinmu mana." Sai ta ce, "Yayansu, ina aka taɓa barin gida da rai?" In yi shiru.

A watan Fabrairun 2023 ne, lokacin wahalar sababbin takardun naira, aka kira ni da asuba. Inna ta fito alwala, santsin bakin rijiya ya kwashe ta. Na iske ta a kwance a tsakar gida an lulluɓa mata zane, ba ta kuka, sai salati take yi a hankali. Mota ba ta shiga lungunmu, Adaidaita ma ba ta shiga. Muka shimfiɗa bargo, mu huɗu muka kama gefe-gefe muka fito da ita. Masu dawowa daga masallaci suka hango mu a cikin duhu-duhu, sai na ji wani dattijo ya ɗaga murya yana "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un." Ya ɗauka gawa muka ɗauko. Inna ta ɗaga hannu daga cikin bargon ta ce, "Malam, da sauran kwana." Wannan tafiyar daga ƙofar gida zuwa bakin titi ba ta fi ta minti biyar ba, amma a cikinta na yanke wa kaina hukunci cewa uwata ba za ta ƙara kwana a gidan nan ba. Ni kaɗai na yanke, ban tambayi kowa ba, ita ma ban tambaye ta ba.

Wasu dangi suka ce a kira mai ɗori, na ƙi. Muka kai ta asibitin ƙashi na Dala, hoto ya nuna ƙashin cinya ne ya karye daga can sama wajen ƙugu. Aka yi aiki aka sa ƙarfe. Kuɗi na cikin asusu amma babu takarda a hannu, ko ruwan shayi za ka saya sai ka yi ta fama da tura kuɗi ta waya. Da aka sallame mu likita ya ja kunnena: ban da tsuguno, ban da tsallake dokin ƙofa mai tsawo, ban da wuri mai santsi. Duk abin da ya lissafa, gidanmu ya kwatanta.

Na wuce da ita gidana, muka kwashe yara daga ɗakinsu muka sa ta. Matata ta yi iya ƙoƙarinta, Allah Ya saka mata. Amma Inna ta zama baƙuwa. Ba ta neman komai. Idan ƙishirwa ta kama ta sai ta jira wani ya shigo. Idan aka kawo abinci ta ci loma uku ta rufe, wai kada a ce uwar miji ta cika ci. Kullum tambayarta ɗaya ce: "Yaushe za a mai da ni ɗakina?"

A wannan tsakanin ne ƙanena, autan marigayiya, ya same ni. Adaidaitar wani yake ja, kullum sai ya kai balas ko ya samu ko bai samu ba, ga kuɗin haya ya taso. Ya daɗe yana kewaye-kewaye kafin ya ce, "Yaya, tun da Inna ta dawo nan, me zai hana a duba maganar gida?" Raina ya ɓaci, na ce a zuciyata ga halin 'yan uba ya fito. Daga baya da na kwanta na ga ban yi masa adalci ba. Haƙƙinsa ne Allah Ya ba shi, shekara uku yana kallonsa ruwa na cinyewa, bai ce uffan ba. Akwai kuma ƙanwarmu da aurenta ya mutu ta dawo da 'ya'ya uku. Ni mai albashi ne nake da halin cewa a bar gida don tarihi.

Nan na yi kuskuren da ya sa na zauna rubuta wannan labari. Na kira dillali a ɓoye. Na ce wa 'yan'uwana kada wanda ya gaya wa Inna sai ta warke, kada hawan jininta ya tashi. Dillalin ya shiga gidan da mutane har sau uku, suna auna tsakar gida da taku, suna leƙa ɗakuna. Na manta cewa a cikin birni ko tari ka yi maƙwabci ya ji.

Wata ranar Asabar ƙawarta ta ƙut-da-ƙut, wadda bango ɗaya ya raba su shekara hamsin, ta zo dubiya. Ina falo na ji tana cewa, "Ashe kuma tashi za ku yi? Mun ga ana ta shigowa da masu saye." Ban ji amsar Inna ba. Bayan baƙuwar ta tafi, ta aiko yaro ya kira ni. Na durƙusa a bakin gado. Ba ta dube ni ba, dama ba ta saba duban idona ba, bango take kallo. Ta ce, "Yayansu, ashe ni ma a cikin kayan gadon nake?"

Na fara kawo bayani, maganar likita, maganar bango, maganar ƙanne. Ta ɗaga hannu. Ta ce, "Duk na san wannan. Ni na goyi yaron nan, na fi ka sanin halin da yake ciki. Da ka zo ka faɗa min, cewa zan yi a'a? Ƙafata ce ta karye, ba hankalina ba."

Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Na yi shekara ina ganin ni ne ɗan da ya fi kowa kula da ita, ashe na mai da ita kamar ƙaramar yarinyar da ake ɓoye wa allura. Ta yi kwana tara ba ta ce min komai ba ban da amsa gaisuwa. Gwaggonmu, ƙanwar Baba, ta zo ta wanke ni tas, ta ce ko ubanmu da yake da iko da gidan bai taɓa sauya wa Inna wurin randa ba sai ya tambaye ta. Na je na ba Inna haƙuri a gaban Gwaggo. Ta ce ta yafe, amma bayan ƙaramar sallah a mai da ita ɗakinta. Na buɗe baki zan yi musu, Gwaggo ta harare ni.

Na sallami dillali. Muka yi wa bakin rijiya daɓen siminti mai kaushi, muka fasa dokin ƙofarta, muka sa masai na zama, ƙanwata mai zawarci ta tare a wurinta. Inna ta koma da ƙarfen dogarawarta mai ƙafa huɗu. Cikin mako biyu ta murmure fiye da yadda ta yi a wata biyu a gidana. Wannan ya tsaya min a rai ƙwarai, don na ga da idona cewa abin da nake kira hatsari shi ne kuma abin da ke riƙe da ita.

Ni kuwa barci ya ƙaurace min. Duk daren da hadari ya haɗu sai in zauna da waya a hannu. A watan Agusta aka kwana ana ruwa, wajen ƙarfe uku na dare soron Baba ya zauna, bangonsa na waje ya kife cikin lungu. Allah Ya tsare babu kowa. Amma daidai wurin ne almajiran makarantar allon da ke kusa da mu suke rakuɓewa idan ana ruwa da rana.

Da gari ya waye na iske ta a kan kujera a tsakar gida tana kallon tarin ƙasar, azara ta yi cirko-cirko. Ta daɗe ba ta yi magana ba. Can ta ce, "Da ɗan wani ya danne, me zan ce wa Allah? Ka tara min 'yan'uwanka."

Muka taru ranar Lahadi, har da Baffa da Gwaggo da wani malami masanin rabon gado. Ƙanwarmu da ke aure a Damagaram ta wakilta mijin yayarta, aka kuma sa ta a waya tana ji. Inna ce ta yi magana da bakinta, ta ce a sayar a ba kowa haƙƙinsa tun tana da rai, kada a zo ana faɗa a kan gawarta. Malam ya yi lissafi a gaban kowa. Matar mamaci idan akwai 'ya'ya tumuni take da shi, wato ɗaya bisa takwas, saura kuma namiji ya ɗauki rabon mata biyu. A namu sai abin ya faɗa kashi 16: Inna biyu, kowane namiji biyu, kowace mace ɗaya. Ya kuma tuna mana cewa kafin a kai wa bare, duk magajin da ke da halin sayen rabon sauran shi ya fi cancanta. Kowa ya juyo ya dube ni. Na yi kwanaki ina buga lissafi, na nemi rance, na yi tunanin sayar da motata. Ko da na saya, da me zan rushe in sake ginawa? Na dawo na ce ba zan iya ba. Na san abin da ake faɗa a kan wanda ya sayar da gidan ubansa, kuma an faɗa, har a kunnena.

Takardar gidan ma sai da muka neme ta. Babu ta gwamnati. Inna ta ce a duba gafakar Baba. A bayan Alƙur'aninsa muka samu wata takarda da ta yi ja don tsufa, an rubuta da ajami, cinikin filin da kakanmu ya yi da sunayen shaidu. Da ita da shaidar mai unguwa aka yi ciniki, lauya ya rubuta yarjejeniya, mu goma sha ɗaya kowa ya sa hannu ko ya dangwala. Wani ɗan kasuwa ne ya saya, yana son wurin ajiye kaya kusa da Kurmi. Rashin hanyar mota ya karya kuɗin sosai. Bayan an fitar da la'ada, naira miliyan 24 ta rage, kowane kashi miliyan ɗaya da rabi. Na dage a kan kada kuɗin kowa ya kwana a hannuna, a ranar aka tura wa kowa nasa. Na kuma roƙi mai saye ya ba mu wata uku kafin mu miƙa makulli, aka rubuta a takarda. Wannan wata ukun ya fi min komai amfani a cikin cinikin.

Inna ta ce ba za ta zauna a ɗakin jikoki ba. Da miliyan ukunta za a yi mata ɗaki a filin da ya rage a gefen gidana, kuma ƙofarsa ta kalli waje, kada mai zuwa wurinta ya ratsa falon suruka. Na ce ta riƙe kuɗinta ni zan gina. Ta ce, "Wanda aka gina wa, aro aka ba shi." Muka fara a watan Disamba. Buhun simintin da muka fara saye naira dubu biyar da wani abu, kafin ƙarshen Fabrairun 2024 ya haura 10,000. Kuɗinta suka ƙare ginin yana linta. Na cika da rabona, wannan karon kuma na gaya mata. Ta yi shiru, sannan ta ce, "Allah Ya yi maka albarka."

Sai rabon kaya. Ɗakin da za ta koma ko kashi ɗaya cikin huɗu na kayanta ba zai ɗauka ba. Ni a nawa tunanin a kira masu sayen tsofaffin kaya a yi kwana ɗaya a gama. Allah Ya sa na riƙe bakina. Mako uku muka yi. Tana zaune a bakin gado, ƙannena mata suna sauko da jere ɗaya-ɗaya, ita kuma tana faɗin tarihin kowanne da wanda za a ba. Wannan tasar ta kakarta ce, a kai wa wance. Wannan kwallar ranar sunan wane aka kawo ta, a ba matarsa. Babbar tukunyar da ake dafa abincin biki ta ce ta unguwa ce, a bar ta a gidan ƙawarta, duk mai sha'ani ya je ya ɗauka. Dutsen niƙa babu mai so, jikoki ma ba su san amfaninsa ba, ta sa aka kai wa wata mai koko. Na lura duk abin da ta bayar da hannunta ba ta ƙara waiwayarsa. Wani faranti guda da wata ƙanwata ta jefa a shara ba ta tambaya ba, don ya tsage, har yau Inna tana maganarsa.

Adashi ma sai da ta kai shi ƙarshen zagaye, kowa ta kwashi nata, sannan ta miƙa wa wata. Ta kira masu ajiya ɗaya bayan ɗaya. Ba ta rubutu, amma kowane ƙulli da irin tsumman da ta ɗaure shi, ba ta rikita ko ɗaya ba. Akwai wata baiwar Allah da ta karɓi ƙullinta ta fashe da kuka, ta ce, "Inna, yanzu wa zan kai wa?"

A daren ƙarshe na wannan aikin ta sallami kowa ta ce in tsaya. Ta nuna ƙarƙashin gado, na jawo wata tsohuwar adaka. A sama akwai farin yadi a naɗe cikin leda. Ta ce likkafaninta ne, tun da ta je Makka ta saye shi ta wanke da zamzam, in san inda za a ajiye shi a sabon ɗaki kada a zo ana nema. Na ce, "Inna, Allah Ya ƙara nisan kwana." Ta ce, "Amin. Ɗaga." A ƙarƙashinsa akwai wata 'yar riga da ba ta fi tafin hannuna biyu ba, da ɗan ƙaramin allo da wankin tawada ya baƙanta, da katin sakamakon jarrabawata na firamare tun daga aji ɗaya har shida, da wasiƙun da na riƙa aiko wa Baba lokacin da nake bautar ƙasa. Ba ta iya karanta ko harafi ɗaya a ciki. Ban ga na sauran 'ya'yanta ba, nawa ne kaɗai. Matar da ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta taɓa yaba min a gaban mutane ba, wadda ina yaro har nakan yi zaton ta fi son 'ya'yan kishiyarta. Na kifa kaina a kan adakar na yi kuka irin wanda ban yi ba ko ranar da Baba ya rasu. Ita kuwa ta kau da kai ta ce, "Kwashe ka tafi da su, dare ya yi."

Kwana uku kafin tashi ta sa aka riƙe ta, ta bi gidajen lungun tana neman yafiya. Ranar tashin, ana saura kwanaki kaɗan a ɗauki azumin 2024, ta ce a fita da asuba kada a tara mata jama'a. Muna buɗe ƙofar zaure muka tarar da mata a tsaye cikin mayafai, sun cika lungun. Babu mai magana da ƙarfi. Ta ce a ɗebo mata ruwan rijiya a jarka. Aka ɗora ta a kujera, samarin unguwa suka ɗauka, wasu ma ita ta yi wa uwayensu wankan jegonsu. Ta hanyar da muka bi da ita a bargo, ta nan muka sake bi. A mota ba ta waiwaya ba. Da muka zo daidai Goron Dutse ta ce in rage gudu, ta ɗaga hannu ta yi wa Baba addu'a, muka fita ta Kabuga.

Zan yi ƙarya idan na ce daga nan komai ya daidaita. Ɗakin ya yi kyau, babu santsi, babu yoyo, asibiti kuma mota har ƙofa. Amma unguwarmu irin wadda kowa ke rufe get ce, maƙwabci sai ka yi mako ba ka gan shi ba. Inna takan zauna tun safe tana fuskantar ƙofar nan da ta ce a yi mata, babu mai ɗaga labule. Ta rame. Ta ce ko kiran sallar nan ba irin nasu ba ne. Likita ya auna ya ce babu sabon ciwo. Na shiga zargin kaina, ina cewa na tsare mata ƙashi na kashe mata zuciya.

Matata ce ta gano bakin zaren. Wata maƙwabciyarmu za ta aurar da 'ya, ana maganar inda za a sayo dubulan, sai ta ce, "Ga gwana a gidanmu." Ta je ta durƙusa ta ce, "Inna, an zo neman taimako, ni kuma ban iya ba." Inna ta ce hannunta ya mutu. Washegari da sassafe sai ga ta tana tambaya ko an jiƙa alkama. Tana kan kujera tana ba da umarni, 'ya'yana mata suna murzawa, tana karɓa tana gyara musu. Daga wannan bikin matan layinmu suka san da ita. Ƙanena kuma, wanda ya sayi Adaidaitarsa ta kansa da rabonsa, shi ya ɗauki nauyin kwaso mata ƙawayenta daga cikin birni duk Juma'ar farkon wata, ba ya karɓar ko sisi. Ranar da za su zo, tun Alhamis take sa a share ɗaki a turara.

Ba ta koma yadda take a da ba. Mu ma haka. Da can ranar sallah kowa ya san inda za a haɗu ba sai an kira shi ba, yanzu sai na bi mutane da waya, kuma ba kowa ke zuwa ba. Ƙanwata mai zawarci ta sayi ɗan fili a bayan gari. Wani daga cikinmu kuɗinsa sun narke cikin wata shida, har yanzu yana ganin da an jira da gidan ya fi haka tsada, gaisuwarmu ma sama-sama ce. Wataƙila yana da gaskiya a kan kuɗin. Na bar wa Allah wannan.

Watannin baya na shiga Kurmi sayayya, ƙafata ta ja ni lungun. An rushe gidan gaba ɗaya, an tayar da bene na bulo mai ƙofofin ƙarfe, 'yan dako na shiga da fita da kwalaye a ka. Na tsaya ina neman daidai inda ɗakin Inna yake, na kasa ganewa. Da na dawo na shiga gaishe ta bayan magariba, na ce mata na bi ta gida. Ta tambayi ƙawarta, ta tambayi mai unguwa, ta tambayi ko makarantar allon tana nan. Sai ta ce, "Rijiyar fa?"

Na ji amsar da za ta faranta mata rai ta zo min har baki. Na haɗiye ta. Na ce, "Inna, sun cike ta. An yi daɓe a kai."

Ta jinjina kai, tana jan carbinta. Ta ce, "Ko a bazara ba ta taɓa ƙafewa ba. Har daga wancan lungun ake zuwa ɗiba." Ta ɗan yi shiru. Jarkar nan tana nan a bayan ƙofarta, ruwan ya daɗe da ƙarewa amma ta hana a taɓa ta. Aka kira isha'i, ta ce, "Yayansu, miƙo min butar nan."